Shirya wasan kwaikwayo mai waƙa a unguwa lokacin hutun bazara: tambayoyi da amsoshi daga Gadarif

Tun da muka fara tara yaran unguwarmu muna yin wasan kwaikwayo mai waƙa a nan Gadarif da ke gabashin Sudan, 'yan'uwa daga Kasala, Maiurno, Damazin da Bur Sudan suke ta aiko mana da tambayoyi, wasu ta WhatsApp, wasu ta bakin matafiya. Da muka ga tambayoyin kusan iri ɗaya ne, sai muka tattara su wuri guda. Amsoshin abin da muka gani ne da idonmu, kowace unguwa kuma sai ta auna su da halin da take ciki.

Wai mene ne wasan kwaikwayo mai waƙa? Ba wasan da aka saba ba ne aka ƙara masa waƙa?

A'a. A wasan da aka saba, kana iya cire waƙar da aka rera a tsakiya, labarin bai rasa komai ba. A wannan kuwa waƙar ce ke goye da labarin. Idan uwa za ta sallami ɗanta, da waƙa za ta sallame shi, idan aka cire waƙar mai kallo ba zai san yadda aka rabu ba.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda kakarsa ta taɓa yi masa tatsuniya ya san gaɓar da tsohuwa ke ajiye magana ta ɗauki waƙa, jikoki su amsa, sannan labari ya ci gaba. Tashen da ake fara yi daga goma ga azumi, da gaɗar 'yan mata a dandali, da kalankuwa bayan kaka, duk gamin kwaikwayo ne da waƙa da rawa. Abin da muka ƙara kawai tsari ne: labari ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa, a wuri ɗaya, jama'a na zaune suna kallo.

Me ya sa sai a bazara, ga wannan zafi?

Domin lokacin ne mutanen Gadarif suke gida. Da ruwa ya fara sauka a Yuni, ya kankama a Yuli, magidanta da samari sun watse gonakin dawa da riɗi, ba ka sake ganinsu a natse sai bayan girbi. Ga ƙasar tamu baƙar laka, ruwa ɗaya ya isa ya hana raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, da amalanken jaki shiga unguwa. Bazara, wadda maƙwabtanmu ke kira sef, ita ce tazarar da ta rage, daga Maris zuwa ƙarshen Mayu. Zafin rana yakan haura digiri 40, shi ya sa ba ma tara yara tsakanin hantsi da la'asar ko da me.

A da, dogon hutun makaranta yakan faɗo a wannan tsakanin. Tun da yaƙi ya ɓarke kalandar makarantu ta rikice, kowace jiha da yadda take yi, don haka ku tambayi shugaban makarantar unguwarku kafin ku sa rana. Ku duba watan sama kuma, domin a 'yan shekarun nan Babbar Salla na faɗowa cikin bazara ko dab da ita. Ko dai ku gama kafin ta, ko ku sa wasan kwana uku ko huɗu bayan layya, lokacin da gidaje ke cike da baƙi kowa da sabon kaya.

A wannan hali da ƙasa take ciki, ya ma dace a yi wasa?

Mu ma mun daɗe muna jujjuya wannan a zuciya. Tun daga 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke, ba gidan da bai ji a jikinsa ba. Gadarif ta karɓi mutanen Khartum, ta karɓi na Madani a Disamban wannan shekarar, ta karɓi na Sinja a tsakiyar 2024, har makarantu suka koma masauki. Yara da yawa sun yi fiye da shekara ba su shiga aji ba. Yaron da ba makaranta, ba gona, ba abin yi daga safe har dare, shi ne ya sa muka tashi. Sati shida da zai yi yana da wurin zuwa kowace la'asar, yana da baitin da ake jiran ya haddace, ba ƙaramin abu ba ne gare shi, haka ga uwarsa.

Sai dai dacewa tana da sharaɗi. Idan an yi rasuwa a unguwa, a ɗage har a share makoki. Idan garinku ba lafiya, a haƙura sai wani jiƙon. Akwai kuma abubuwan da ba ma yarda su hau dandamali, mun faɗe su a amsar tambayar zaɓen labari.

Wa za mu fara tunkara?

Iyaye da dattawa, tun kafin yaro ko ɗaya ya ji. Mu mukan fara da limamin masallacin unguwa, sai shehun unguwa ko sarkin Hausawa inda akwai, sai malamin makarantar allo, domin almajiransa na cikin waɗanda za su so shiga. A je musu gida, a tsuguna a gaishe su, a ce, "Baba, ga abin da muke son yi da yaranku, mun zo neman izini da albarka." A tafi da labarin a baki, a ba su shi tun daga farko har ƙarshe. Dattijon da aka ba labari a zaurensa, ran wasa shi ne zai tsawata wa masu hayaniya.

Bayan nan sai hukuma. Taron jama'a a fili yana bukatar sanarwa, balle yanzu da dokokin tsaro ke canzawa. A bi ta kwamitin unguwa a kai takarda ofishin ƙaramar hukuma, a tambayi ƙarfe nawa aka yarda a kai, kuma ko akwai dokar hana fitar dare. Takardar izinin ta kwana a aljihun mutum ɗaya sananne ranar wasa.

Wasu malamanmu ba sa son kiɗa. Yaya za mu yi?

Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma dandalin wasa ba wurin warware wannan ba ne. Abin da muke yi shi ne mu tambayi limaminmu iyakar abin da zai lamunta, mu tsaya nan. A unguwarmu an yarda da murya, da tafi, da ƙwarya, da tar irin wanda masu madahu ke bugawa. A wata unguwar an yarda har da kalangu da garaya. Ana iya kammala wasa sukutum da murya da tafi kaɗai ya yi kyau. Ba ma haɗa samari da 'yan mata rawa, maza na zama gefe mata gefe, kuma da an kira salla an tsaya, ko a tsakiyar baiti ne.

Wane labari ya kamata mu ɗauka?

Idan karon farko ne, ku ɗauki tatsuniya. Gizo da Ƙoƙi, kura da 'ya'yanta, marainiya da kishiyar uwa, duk sun zo da waƙoƙinsu, tsofaffi sun san su, yara kuma ba sa jin nauyin fitowa a matsayin dabba. Amma wasan da ya fi taɓa mutanenmu shi ne wanda muka gina a kan tafiyar kakanni. Kusan kowane gidan Bahaushe a Sudan yana da labarin yadda aka zo. Wasu sun biyo ayarin da ya taso bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajen 1906, garin da yau ake kira Maiurno. Wasu maniyyata ne da suka tako da ƙafa ta Borno, Wadai, Darfur da Kordofan suna nufin Sawakin su tsallaka Jidda, ana noma a hanya ana tara guzuri, tafiyar ta ci shekaru. Wasu aikin audugar Jazira ya tsayar da su bayan an gama madatsar Sinnar a 1925.

Kada ku zauna a ɗaki ku ƙirƙira. Ku ɗauki waya ku je wurin tsofaffin mata. Wata gwaggo a layinmu, muna cikin hira ta ce mu dakata, ta shiga ɗaki ta fito da wata ƙwarya da ta yi baƙi don tsufa, an ɗinke tsagewarta wuri uku da zare. Ta ce da ita kakarta ta sha ruwa tun daga gida har nan. Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa bayanta da yatsa, ta rera ɗan guntun waƙar da kakar ke yi in tana niƙa. Ba ta tuna fiye da layi biyu ba. A kan layi biyun nan muka gina waƙar buɗe wasa, ƙwaryar kuma ita jarumar ta riƙe har aka tashi, gwaggo na zaune a sahun gaba idonta na kanta.

Ga abin da muke gujewa. Ba kakin soja, ba bindigar wasa, ba ƙarar harbi ko tartsatsin wuta, domin a cikin masu kallo akwai yaran da suka ji na gaske. Yaƙin Burmi ma a bakin 'yan amshi muka bar shi, ba a nuna ba. Ba ma sa yaro ya fito a matsayin wani sarki ko shehi da zuriyarsa ke raye, sai talakawan cikin ayari. Ba a kwaikwayon maganar wata ƙabila don a yi dariya.

Yaranmu sun fi jin Larabci. Da wane harshe za a yi?

Wannan tambayar ita ce ta fi kowacce zuwa, kuma ita ce ainihin dalilin da ya sa muke wannan wahala. A gidaje da yawa kaka na magana da Hausa jika na amsawa da Larabci. Yaran da suka taso a Khartum da Madani wasunsu suna ji amma ba sa iya mayarwa, wasu kuma kunya ke hana su, don an taɓa yi musu dariya a makaranta. Shawararmu: waƙoƙi duka da Hausa, ba sassauci. Zance kuwa a bar shi yadda ake yinsa a tsakar gida, tsofaffin cikin wasa su yi Hausa, samari su gauraya. Yaron da ba zai iya haɗa jimla uku da Hausa ba zai haddace waƙa mai baiti goma cikin kwana huɗu, ka ji shi yana rera ta a hanyar ɗibar ruwa.

A sa mai ba da labari guda, wanda zai riƙa fitowa tsakanin fitowa da fitowa yana taƙaita abin da ya gudana da Larabci. Da haka maƙwabtanmu da ba sa jin Hausa za su bi labarin. Ku gayyace su da kyau, gida gida. Mutane da yawa da muka yi shekaru katanga ɗaya da su, a wurin wasan suka fara jin yadda kakanninmu suka zo ƙasar nan da tun yaushe.

Yawancinmu ba mu karanta Hausar boko. Yaya za a rubuta wasan?

Ku rubuta da haruffan Larabci, tunda su kowa ya koya. Amma ku lura da tarko ɗaya. A ajamin da malamanmu suka gada ana rubuta ƙ da harafin ƙaf, yaron Sudan kuwa da ya ga ƙaf zai karanta shi g, yadda ake furta shi a Larabcin nan. Larabci ba shi da ɓ, ɗ, ts da c. Don haka takarda abin tuni ce kawai, kunne ne malami. A sa dattijo ko dattijuwa mai kyakkyawar Hausa ta karanta kowane layi a hankali a naɗa a waya, a tura wa iyaye, wanda ba waya a gidansu ya saurara a wurin gwaji.

A ba ƙ, ɗ da ɓ lokacinsu. A wani gwaji yaro ya shigo da gudu zai ce ƙura ta taso, sai ya ce kura ta taso, ƙananan suka watse da gaske suna neman wurin ɓuya. Mintuna goma na farkon kowane gwaji mukan ba wa irin waɗannan kalmomi: kafa da ƙafa, bata da ɓata, daki da ɗaki.

Waƙoƙi nawa ake bukata, kuma wa zai tsara su?

Wasan awa ɗaya, waƙa shida zuwa takwas sun isa. Ta buɗewa wadda kowa ke ciki, ta rufewa ita ma haka, sai na tsakiya a gaɓoɓin da magana ta gaza: rabuwa, tsoro, murna, addu'a. Kowace waƙa a yi mata amshi gajere wanda mai kallo zai cafke a ji na biyu. Wannan tsarin na jagora da 'yan amshi shi ne rufin asirinku, domin ko jagora ya manta baiti amshi zai riƙe shi har ya tuno.

Mai tsarawa ba sai ƙwararre ba. A kowace unguwa akwai matar da ake kira in ana biki, akwai saurayin da ke rera madahu. Su za a nema. Abu ɗaya da za a tsare shi ne karin harshe: Hausa tana da hawa da sauka, kuma dole karin waƙa ya bi na kalma. Kuka na hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya, saukar murya a ƙarshe ce ta raba su. Idan aka ɗauko karin wata waƙar Larabci aka cusa mata kalmomin Hausa da ƙarfi, sai marainiya ta tashi daga zubar da hawaye ta koma bishiya. A fara faɗin layin da baki sau da yawa, karin zai fito daga cikinsa.

Sa'ar da muka yi ita ce kiɗan Sudan a kan sauti biyar yake tafiya, wanda makaɗa ke kira khumasi, waƙoƙinmu na gargajiya da yawa ma haka suke, shi ya sa kunnen maƙwabta ba ya baƙuntarsu. A'isha Falatiya, wadda ta fara waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940 ta rasu a 1974, iyayenta daga ƙasar Hausa suka zo, kuma har yau ƙasar nan na tinƙaho da ita. Mukan ba 'yan matanmu labarinta ranar gwajin farko.

Wane kayan kiɗa za mu nema?

Abin da ke unguwa. Ƙwarya a kife cikin ruwa ko a kan matashi irin ta amada, shantu, gangar dalluka ta mata, tar, da kalangu in akwai mai iyawa kuma an yarda, kamar yadda muka yi bayani a tambayar malamai. Organ na masu biki yana da daɗi, amma yana cin wuta kuma yana danne muryar yara. Idan garinku ya karɓi wani da ya yi karatu a makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo ta Khartum, wadda aka kafa a 1969, ko ya taɓa aiki a gidan wasan ƙasa na Omdurman da aka buɗe a 1959, ku neme shi. Yaƙi ya watso irinsu jihohi, kuma da wuya ka roƙi ɗayansu ya duba gwajin yara ya ƙi.

Yaya ake zaɓen 'yan wasa ba a ɓata wa kowa ba?

Ba ma korar kowa. Duk yaron da ya zo ya shiga 'yan amshi, daga cikinsu ake ɗaukar masu manyan fitowa bayan sati ɗaya, an ga mai zuwa kullum da mai murya. Kowace babbar fitowa a ba mutum biyu, ko don zazzaɓi ko don tafiyar gaggawa. Mai jin kunya a ba shi labule, ko tsaron kaya, ko zama bayan zana yana tuna wa wanda ya manta layi. Yaran da suka zo gudun hijira a gauraya su da 'yan gari, kada a ware su rukuni guda. Wani yaro da ya tako daga Sinja da ƙafa ya kasa rera waƙar tafiya, duk ya buɗe baki sai murya ta sarƙe. Ba mu matsa masa ba, muka ba shi tar, shi ya riƙe kiɗan waƙar ran wasa.

Game da 'yan mata, mun yi kuskure sau ɗaya. Mun nemi izinin wata yarinya wurin mahaifiyarta kaɗai, saura kwana uku wasa baffanta ya ji a bakin mutane ya ce ba za ta fito ba, kuma yana da gaskiya, domin ba a je masa ba. Tun daga nan sai mun ga uba ko waliyyi ido da ido. Kowane gwaji akwai dattijuwa guda da ke zama da 'yan mata, ita ke raka su gida kafin magariba.

Sati nawa gwaji zai ci?

Sati shida, kwana huɗu ko biyar a sati, daga bayan la'asar zuwa dab da magariba. Gwajin, wanda a nan aka fi kira burofa, mukan raba shi haka: sati biyun farko waƙa zalla, ana zaune a inuwa. Na uku da na huɗu zance da tsayuwa, wa zai shigo ta ina, wa zai fita ta ina. Na biyar a haɗa. Na shida a yi wasan daga farko har ƙarshe ba tsayawa, aƙalla sau uku, na ƙarshe da kayan sawa a ainihin wurin da kuma ainihin lokacin.

Ruwan sha ba abin wasa ba ne. A ajiye randa biyu a inuwa, ruwan a tabbatar da tsabtarsa, kowane yaro ya zo da kofinsa. Gadarif ta ga kwalara a 2023, ba mai son a ce daga wurin wasa aka ɗauko.

A ina za a yi, kuma da me za a yi dandamali?

Filin makaranta, harabar kulob ɗin unguwa, ko filin da ake kafa rumfar biki. Idan makarantar akwai masu gudun hijira a ciki, gidansu ne yanzu, sai an nemi yardarsu kuma su ne baƙin sahun gaba. Dandamali kuwa Allah ya hutar da mutanen Gadarif: a bazara tirelolin tarakta na ajiye ba aiki. A aro biyu, a jera su gefe da gefe, a danne tayoyin da duwatsu, a rufe tsakaninsu da katako a shimfiɗa tabarmi. Babba ya hau ya yi tsalle a kowace kusurwa kafin a bar yaro ya hau. Bango a yi shi da zana ko buhunan dawa da aka farke aka ɗinke. Ƙasar fili takan tsattsage a wannan lokaci, a cike ramukan a yayyafa ruwa da safe, a share saboda kunama.

Idan da rana za a yi, masu kallo su ba yamma baya, hasken la'asar ya sauka a fuskar 'yan wasa.

Wuta ba ta tsayawa. Yaya za mu yi da haske da lasifika?

Ku shirya kamar ba za a kawo ta ba. Mafi sauƙi a yi wasan da la'asar sakaliya a tashi kafin magariba, ba ruwanku da fitila, ba ruwanku da dokar dare. Idan bayan isha'i ne, fitilun sola huɗu ko biyar a ɗaure a sanda daga gaba, sama da kan yara, sun wadatar. Janareta a kai shi can nesa bayan katanga saboda ƙara. Lasifika mai batir guda da abin magana biyu a kafe a gaban dandamali sun fi a riƙa miƙa wa juna a hannu.

Mu dai tun sati na uku muke koya wa yara jefa murya: mutum ɗaya ya tsaya a ƙarshen fili, duk layin da bai ji ba a maimaita. Shekarar da janareta ya mutu mana a tsakiyar waƙa ta huɗu, 'yan amshi ba su tsaya ba, suka ci gaba da tafi, matan da ke kallo suka kunna fitilun wayoyinsu suka ɗaga har aka kai ƙarshen waƙar.

Kuɗi fa? A sayar da tikiti?

Ba ma sayarwa, domin waɗanda muka fi son su gani su ne marasa abin biya. Gayya muke yi, abin da ake kira nafir a nan. Mai tarakta ya ba da tirela, tela ya ba da ɗinki, mai kujerun haya ya rage, masu agashe da masu godogodo da zoɓo su kafa a bakin fili su ba da wani abu daga cinikin. 'Yan'uwa da ke Saudiyya da sauran wurare sukan turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak. Kuɗin da ya shigo a sayi abin da ake bukata a ranar, domin fam ba ya kwana da darajarsa. Mutum biyu su riƙe littafi, a karanta shi a gaban iyaye bayan wasa, abin da ya shigo da abin da ya fita.

Kayan sawa sai an ɗinka sababbi?

A'a. Akwatunan tsofaffi cike suke da zannuwan saƙi, da riguna, da malafa, da tasbaha mai manyan 'ya'ya. A ara da ladabi, a rubuta sunan mai kowane abu. Dabbobin tatsuniya kwali da toka da shuni sun ishe su. Abu mai tarihi irin ƙwaryar da muka ambata a tambayar labari, ran wasa kaɗai ake fito da shi, a gwaji a yi da wani.

Idan hadari ko guguwar ƙura ta taso ranar wasa?

Ƙarshen Mayu ba shi da tabbas, shi ya sa muke sanar da rana biyu tun farko, ta wasa da ta ko-ta-kwana. Bangon zana a ɗaure shi da igiya ta baya a turaku masu ƙarfi, domin iska na iya kifar da shi kan yara. Mutum ɗaya ne ke da ikon cewa a tsaya, kowa ya san shi. In ya ce a tsaya, ƙananan yara ake fara sauke wa daga tirela, sannan a cire wuta, kaya su ne na ƙarshe.

Za mu iya ɗauka a waya mu sa a Facebook?

Sai da izinin iyayen kowane yaro da fuskarsa ta fito, kuma a nemi izinin tun ranar da aka je neman na shiga wasa. Wasu iyalan da suka yi gudun hijira ba sa son a san inda suke, wasu kuma ba sa son hoton 'yarsu na yawo. A sanar a lasifika kafin a fara cewa mutum ɗaya ne zai ɗauka, a kafa wayarsa a tsakiya, daga baya a tura wa iyaye. Waƙoƙin kuwa a naɗe su daban, murya zalla, waɗannan ana iya tura wa kowa, har dangi da ke Kano da Sakkwato.

An gama wasa. Sai me?

Washegari da sassafe, kafin rana ta yi zafi, yaran da suka yi wasan su ne za su share fili, su naɗe tabarmi, su kai kujeru. Kayan aro a wanke a mayar cikin kwana biyu, yaron da ya sa shi ne zai kai da hannunsa tare da babba guda, ya durƙusa ya ce, "Inna, ga zanenki, mun gode, Allah ya ƙara girma." A koma wurin liman da shehun unguwa a yi godiya kamar yadda aka je neman izini. Rubutun wasan da muryoyin da aka naɗa a ajiye su wuri biyu, ɗaya a waya ɗaya a takarda, a rubuta sunan tsohuwar da ta ba da kowace waƙa a gefenta. Tirela kuma a mayar wa mai ita da wuri, domin yana son duba tayoyinsa kafin ruwan farko.